Rajista Ɗaya, Hannu Da Yawa: Yadda Ake Haɗa Bayanai Idan Sabis Ya Ɗauke

A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya, kafin watan ya ƙare kuma aka yi haka a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na Jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Sadarwa ta tsaya, amma aiki bai tsaya ba. Malamin asibiti ya ci gaba da yi wa yara rigakafi, sakataren ƙungiyar manoma ya ci gaba da karɓar kuɗin taki, kwamitocin da ke rubuta sunayen waɗanda suka baro ƙauyukansu ba su ajiye alƙalami ba. Ko a yau, mutumin wannan yanki ya san sabis ba abin jingina ba ne. Wani lokaci sai an hau tudu, wani lokaci sai an sa layin Nijar, wani lokaci sai haƙuri.

Matsalar takan fito ne ranar da aka zo haɗa aiki. Mutum uku sun yi rubutu a rajista ɗaya, kowa a wayarsa, ba wanda ya ga na wani. Ta wa za a ɗauka? Yawanci sai a riƙa tura fayil ɗin Excel ta WhatsApp, wannan mai suna "na ƙarshe", wancan "na ƙarshe gyararre", wanda ya zo daga baya ya danne na farko, sunan wata bazawara mai marayu ya ɓace ba tare da kowa ya lura ba. Masana kimiyyar kwamfuta sun shafe kusan shekara 50 suna aiki a kan wannan matsala, kuma abin da suka gano za a iya amfani da shi ko da a littafin takarda ne. Sirrin shi ne a tsara rajistar tun farko yadda haɗa ta ba zai taɓa cinye rubutun kowa ba. Tun ran gini, ran zane.

Abin da bincike ya tabbatar

A shekarar 2000 Eric Brewer na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya kawo wani hasashe, wanda Seth Gilbert da Nancy Lynch na MIT suka tabbatar da lissafi a 2002. Idan hanyar sadarwa ta yanke tsakanin kwamfutoci masu riƙe da bayani ɗaya, zaɓi biyu ne kawai: ko a dakatar da aiki har ta dawo domin kowa ya ga abu ɗaya, ko a ci gaba da aiki a yarda kwafi su bambanta na ɗan lokaci. Banki ya ɗauki na farko, shi ya sa mai POS yake ce maka ka jira netwok. Mai rubuta sunayen mutanen da suka iso gari da daddare ba shi da damar jira, dole ya ɗauki na biyu.

A 2011 Marc Shapiro na cibiyar bincike ta INRIA a Faransa, tare da Nuno Preguiça da Carlos Baquero na Fotugal da Marek Zawirski, suka fayyace irin tsarin bayanan da ke haɗuwa da kansa ba tare da alƙali na tsakiya ba. Masu sana'ar suna kiransa CRDT. Sharuɗɗansa uku ne. Ko wane saƙo ya riga isowa, sakamako ɗaya ne. Ko su wa suka fara haɗa nasu, sakamako ɗaya ne. Ko saƙo ya iso sau biyu, ba abin da ya canza. Duk matakan da ke biye hanyoyi ne na cika waɗannan sharuɗɗa.

Domin bayani ya fito fili, mu ɗauki misalin kwamitin rabon hatsi mai masu rubutu uku: ɗaya a Sabon Birni, ɗaya a Gatawa, ɗaya a Isa.

Mataki na 1: Kowa da harafinsa, kowane layi da lambarsa

A ba kowace waya haruffanta na kanta: SB, GT, IS. Duk layin da aka rubuta ya ɗauki haruffan da lamba mai hawa, kamar SB-147 ko IS-147. Da haka mutum biyu ba za su taɓa ba gida biyu lamba ɗaya ba, ko da sun yi wata ba su yi magana ba. Kada a dogara da suna, domin masu suna ɗaya da sunan mahaifi ɗaya suna da yawa a kowace unguwa. Kada kuma a dogara da lambar layi ta Excel, domin tana sauyawa da zarar an cusa wani layi a sama.

Idan waya ta ɓata ko ta lalace, sabuwar ta ɗauki sababbin haruffa, misali SB2. Wataƙila tsohuwar ta riga ta tura layukan da ba a sani ba, kuma sake amfani da lambobinsu zai haifar da rikici.

Mataki na 2: A ƙara, kada a goge

Ɗan kasuwa mai littafin bashi ba ya kankare dubu goman da ya rubuta jiya don an kawo masa dubu uku yau. Sabon layi yake ja ya rubuta abin da aka biya, saura kuma lissafi ne yake fitar da shi. Haka rajistar ya kamata ta kasance. Idan an rubuta gidan SB-147 mutum 7 ne, daga baya aka gano 9 ne, sai a rubuta sabon layi: "SB-203, gyara ga SB-147, mutane 9."

Kowa yana rubutu a fayil ɗinsa ko littafinsa shi kaɗai, ba mai taɓa na wani. Haɗawa kuwa ba komai ba ne illa a zuba layukan kowa wuri ɗaya, duk lambar da ta fito sau biyu a bar ɗaya. Ko an tura fayil sau biyar saboda sabis yana yankewa, ba asara.

Mataki na 3: Kada kowa ya taɓa gurbin saura

A nan aka fi yin kuskure. A ce akwai buhu 300 a sito. Na Sabon Birni ya bayar da 40, ya rubuta saura 260. Na Gatawa ya bayar da 25, ya rubuta 275. Na Isa ya bayar da 30, ya rubuta 270. Kowannensu ya yi lissafi daidai, amma duk wanda aka ɗauka cikin ukun ƙarya ce, domin ainihin saura 205 ne. Irin wannan giɓin ne ke sa a zargi mutumin kirki da cin amana.

Maganin shi ne kowa ya sami gurbinsa, ya riƙa rubuta jimillar abin da shi kansa ya bayar tun farko: SB 40, GT 25, IS 30. Wannan lamba hawa kawai take yi, ba ta sauka. Wajen haɗawa, a kowane gurbi a ɗauki lambar da ta fi girma. Idan tsohon saƙo mai cewa SB 32 ya makara ya iso bayan mai cewa SB 40, to 40 ta fi girma, ita ce za ta tsaya. Sai a tara 40 da 25 da 30 a sami 95, a cire daga 300. Idan ana dawo da kaya, a buɗe wa kowa gurbi na biyu na abin da aka dawo da shi, shi ma mai hawa kawai.

Mataki na 4: Kada a yarda da agogon waya

Hanya mafi sauƙi ta raba gardama ita ce a ce wanda ya yi rubutu daga baya shi ne da gaskiya. Tun a 1975 Paul Johnson da Robert Thomas suka bayyana ta. Sai dai tana da tarko: wayar da batirinta ya mutu ta rikita kwanan wata, ko wadda agogonta ya yi gaba da kwana ɗaya, za ta riƙa cin nasara ko faɗuwa a kowane saɓani ba bisa hakki ba.

A 1978 Leslie Lamport ya nuna cewa ba ƙarfe nawa ake buƙatar sani ba, wane rubutu ne ya san da wane. Kowace waya ta riƙe ƙidaya, ta ƙara ɗaya a duk rubutu, idan kuma ta karɓi saƙo mai ƙidayar da ta fi tata sai ta ɗora daga can. A 1988 Colin Fidge da Friedemann Mattern, kowa daban, suka faɗaɗa dabarar yadda kowa zai riƙe lissafin inda ya tsaya a rubutun kowa.

A aikace, kowane mai rubutu ya ajiye ɗan jadawali a shafin farko: "Na ga na SB har 212, na GT har 96, na IS har 140." Amfaninsa biyu ne. Idan an haɗu, abin da ya rage kawai za a tura, ba a ɓata data ba. Sannan yana bambance gyara da saɓani. Idan na Isa ya riga ya ga layin SB-203 kafin ya canza adadin, to gyara ya yi, nasa ne zai tsaya. Idan bai gani ba, su biyun sun yi rubutu ne ba da sanin juna ba, kuma ba wanda ya fi wani.

Mataki na 5: Sokewa ma rubutu ce

Idan ka goge suna daga wayarka kurum, ranar haɗawa zai dawo daga wayar abokin aikinka, domin ita ba ta san an goge ba. Injiniyoyin Amazon da kansu sun faɗi haka a bayanin da suka wallafa a 2007 kan tsarinsu na Dynamo: kayan da mai saye ya cire daga kwandonsa kan sake bayyana bayan an haɗa kwafi. Don haka a rubuta layin sokewa: "GT-97, an soke GT-41, sun koma gida."

Kwamiti ya yanke hukunci tun da wuri kan abin da za a yi idan wani ya soke suna, wani kuma ya sabunta shi a lokaci guda. A rajistar tallafi da ta rigakafi, shawarata ita ce a bar sunan a ciki har a bincika. Sunan da ya yi yawa ido zai gan shi, wanda ya ɓace kuwa ba mai tambayarsa sai mai shi, kuma sau da yawa mai shi ba shi da bakin magana. Ba a share layukan sokewa gaba ɗaya sai jadawalin kowa ya nuna ya gan su.

Mataki na 6: Saɓani na gaske na mutum ne

Idan na Gatawa ya rubuta mutum 7, na Isa ya rubuta 9, kuma ba wanda ya ga na wani, lissafi zai iya sa duk wayoyi su nuna lamba ɗaya, amma ba zai iya sanin wadda ce gaskiya ba. A ajiye duka biyun, a yi musu alama, a ba mutum ɗaya alhakin warwarewa. Sau da yawa tambaya ɗaya ta isa: "Ranka ya daɗe, gidan nan da aka rubuta, su 7 ne ko 9?" Mai unguwa ya ce, "Ai ɗana, ƙanwar matar ce ta iso da goyo shekaranjiya." Sai a rubuta sabon layi mai ambaton layukan biyu da ya warware.

Haka nan idan iyali ɗaya ya yi rajista a Gatawa, ya sake yi a Sabon Birni bayan ya ƙara ƙaura. Ba a goge ko ɗaya. Ana rubuta layin cewa GT-58 da SB-190 gida ɗaya ne.

Mataki na 7: Abin da ba ya haɗuwa, a raba shi tun kafin a rabu

Akwai abin da duk dabarun nan ba za su hana ba. Idan saura buhu 20, mutum uku kuma kowa ya yi alkawarin 15 ba tare da sanin juna ba, rajista za ta haɗu lafiya ta nuna an bayar da 45, amma sito ba zai haifi 25 ba. Duk wata doka irin ta "kada a wuce kaza" ko "kada mutum ya karɓa sau biyu" tana buƙatar ko dai magana kai tsaye, ko kuma rabo tun farko. Patrick O'Neil ya bayyana tushen wannan dabara a 1986. A raba buhu 300 na sito tun farko: a ba Sabon Birni 120, Isa 100, Gatawa 80, kowa ya yi iko da kasonsa ba sai ya tambayi kowa ba. Idan za a mayar da buhu 10 daga kason Isa zuwa Gatawa, mai bayarwa ne zai fara rubuta ragin, mai karɓa ba ya taɓa su sai ya ga wannan layin. Haka ma kowane gida a ɗaure shi da wurin karɓa guda ɗaya.

Idan wasiƙa ce ko rahoto ake rubutawa tare

Rubutun zube ya fi rajista wuya. A ce sanarwa tana cewa: "Za a raba gero ranar Laraba." Mutum na farko ya cusa "da wake" bayan kalma ta 4. Na biyu, bai ga haka ba, ya ce a mayar da kalma ta 6 "Alhamis". Idan aka bi umarnin biyu a makance, kalma ta 6 yanzu "wake" ce, sai a sami: "Za a raba gero da Alhamis ranar Laraba."

Hanya biyu aka gano. Ta farko, wadda Clarence Ellis da Simon Gibbs suka kawo a 1989, ita ce a gyara umarnin kafin a bi shi: tunda an cusa kalma biyu a gaba, kalma ta 6 ta koma ta 8. Tsarin Jupiter na cibiyar Xerox PARC ya sauƙaƙa ta a 1995 ta hanyar sa babbar kwamfuta ta tsakiya ta jera umarnin kowa, kuma wannan tafarki Google Docs ya bi. Shi ya sa wayoyi biyu da ke kan tabarma ɗaya ba za su haɗa gyaransu na Google Docs ba sai da intanet. Ta biyu ita ce a ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, umarni ya riƙa ambaton lambar maimakon matsayi. Tsarin WOOT na masu bincike a Nancy ta Faransa ya buɗe wannan hanya a 2006, kuma a kanta aka gina Yjs na Kevin Jahns da Automerge na Martin Kleppmann na Jami'ar Kambrij da abokan aikinsa. Waɗannan ba sa buƙatar kwamfutar tsakiya.

Duk da haka a kiyaye. A ce an rubuta buhu 20. Ɗaya ya mayar da ita 25, wato ya canza sifili. Ɗaya ya mayar da ita 30, wato ya canza biyu. Manhaja za ta haɗa gyaran biyu ta fitar da 35, lambar da ba wanda ya rubuta. Don haka adadi da kuɗi da kwanan wata su zauna a rajista, ba a cikin zube ba. A kuma raba rahoto sashe-sashe, kowa da nasa, mutum ɗaya ya karanta duka kafin a sa hannu.

Kayan aikin da ke hannu

Ƙaramin kwamiti zai iya farawa da Excel ko takarda, a riƙa musayar fayil ta Bluetooth ko Xender ko katin memori idan an haɗu. ODK Collect da KoboCollect suna ba da damar cika fom ba sabis a tura daga baya, kuma kowane fom yana ɗauke da lambar da ba ta maimaituwa. Ma'aikatan yaƙi da shan-inna a Arewa sun daɗe da sanin ODK. Manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa kuma Najeriya ke tara bayanan lafiya da ita, tana da ta Android mai aiki ba intanet. CouchDB da PouchDB kuwa suna ajiye duk rubutun da suka saɓa maimakon su jefar da ɗaya, kuma da su ƙungiyar eHealth Africa mai cibiya a Kano ta gina manhajojin bin sawun cutar Ebola a 2014.

Kafin ku amince da kowace manhaja, ku gwada ta. Ku kashe data a wayoyi biyu, ku canza layi ɗaya a kowace da bayani daban, ku kunna. Idan rubutun ɗaya ya ɓace shiru ba gargaɗi, kun san halinta.

Ranar haɗa rajista

Ku tsayar da rana, misali duk ranar kasuwa. Kowa ya fara ajiye kwafin fayil ɗinsa yadda yake. A kwatanta jadawalin inda kowa ya tsaya, a yi musayar abin da ya rage. A duba ko akwai lambar da ta yi tsalle, domin daga SB-180 zuwa SB-184 alama ce layi uku sun maƙale a hanya. A warware saɓani, a ƙirga sito da ido a gwada da lissafi, sannan kowa ya sabunta jadawalinsa. Ba dole ne duka ukun su haɗu ba. Idan na Gatawa ya ga na Sabon Birni, na Sabon Birni kuma ya ga na Isa, saƙon Gatawa ya kai Isa, na Isa kuma zai kai Gatawa a haɗuwa ta gaba.

Batun tsaro ba a wasa da shi a hanyoyin Gobir. Yawan kwafi yana kare bayani daga ɓata, amma yana ƙara yawan wayoyin da za su iya faɗawa hannun da bai dace ba. Kada a rubuta abin da aikin bai buƙata ba, musamman dukiya da yawan dabbobi da lambobin waya. Mai tafiya ya ɗauki sunayen yankinsa kaɗai, na sauran wurare lambobi da jimilla sun ishe shi. A kulle waya da lambar sirri. ODK da Kobo suna da tsarin rufe fom da zarar an kammala shi, yadda ko mai wayar ba zai iya sake karantawa ba, kuma ya kamata a kunna shi.

Ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, ga aikin kammala karatu mai amfani a ƙofar gida. Yjs da Automerge da PouchDB duk kyauta ne, lambobin gininsu a buɗe suke ga mai son koyo. Abin da ake buƙata shi ne ƙaramar manhaja da Hausa, mai gudu a kan waya mai arha, mai haɗa rajista waya da waya ba intanet, mai nuna saɓani ƙarara ga wanda zai warware shi. Kafin a samu, kowane kwamiti zai iya zama a wannan makon ya raba haruffa, ya buɗe wa kowa gurbinsa, ya raba kaso, ya kuma sa ranar haɗuwa ta farko.